Me Za Mu Tambayi Sista?

A hutun da ya wuce 'yan mata uku suka mamaye mini tabarma a gindin dalbejiyar da ke tsakar gidana, nan Kaura Namoda. Ɗaya ɗiyar ƙanena ce, tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya a Gusau. Sauran biyun 'yan ajinsu ne, wannan 'yar Shinkafi, waccan 'yar Zurmi, sun yada zango a wurinmu kafin a ji yadda hanya ta kwana. Haka tafiya ta koma a yankin nan, kafin ka nemi mota sai ka nemi labari.

Aikin hutu aka ba su. Malamarsu ta ce kowane rukuni ya sami nas wadda ke bakin aiki, a zauna da ita, a yi mata tambayoyi, a rubuto abin da ta faɗa. Ni ba na cikin lissafi, tunda na ajiye farin kaya a 2019 bayan shekara 35. Mai aiki ake so, ba mai jiran fansho ba. Sai dai sun san ta inda za su ɓullo. Suka sa na kira musu wata da na raina a ɗakin haihuwa tun hannunta na rawa in za ta ɗaure cibiya, wadda yanzu ita ce babba a ɗakin yara na wani asibiti a yankin nan. Ta ce su same ta ranar Asabar bayan la'asar. Saura kwana biyu ke nan su shirya abin da za su tambaya.

Ina gefe ina tsinke zogale, kunnena na wurinsu. Da farko waya suka tambaya, kamar yadda yaran yanzu ke tambayarta komai, har abin da za a ɗora a murhu. Ta zubo musu tambayoyi ashirin da Turanci, ɗiyar ƙanena na karantawa tana juya su da Hausa. Me ya ja hankalinki zuwa wannan aiki? Yaya kike raba lokacinki tsakanin gida da asibiti? Ina kike hango kanki nan da shekara biyar? A nan 'yar Zurmi ta kwashe da dariya har tana dafe ciki. "Wagga tambaya ta Turawa ta," in ji ta. "In kinka ce mata shekara biyar, cewa za ta yi Allah shi kai mu gobe." Suka soke ta, suka soke wasu goma sha biyu a bayanta. Sai ɗiyar ƙanena ta juyo ta ce, "Gwaggo, ku mi kunka tambaya zamaninku?"

Na ce mata na manta. Ƙarya na yi, ina tune sarai.

A 1983 ne, a Sakkwato, ina shekara ta biyu kamar su. Lokacin babu jihar Zamfara, sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke ta, don haka mai neman karatun jinya daga nan can yake nufa. Wata malamarmu ta tura mu, mu huɗu, wurin wata babbar sista a ɗakin mata. Muka raba dare muna shirya tambayoyi a littafin rubutu mai jan layi a gefe. Minti nawa ake tafasa sirinji? Yaya ake gane allura ta dakushe? Yaya ake naɗe kusurwar zanen gado har metiron ta wuce ba ta tsaya ba? Wane sitaci ne ke tsayar da hula? In likita ya shigo kana tsakiyar wanke gyambo, miƙewa ake yi ko ci gaba? Tambayoyinmu duk na hannu ne da na ladabi. Ko ɗaya ba ta taɓa kuɗi ba, domin tambayar babba albashinta rashin kunya ne, kuma ba mu da dalilin damuwa. Muna ɗalibai ana ba mu alawus, kafin sakamakon jarrabawa ya fito an san inda za a tura kowa. Tsoron hanya kuwa ko a mafarki bai zo mana ba.

Bakin mutane muke tsoro. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi wata uku bai amince ba. A idon mutanen lokacin, 'yar asibiti ita ce mai kwana a waje, mai ganin tsiraicin maza, mai riga iya gwiwa. Akasarin nas-nas ɗin da na tarar 'yan Kudu ne da 'yan Filato da Kudancin Kaduna, har da 'yan Gana, likitoci kuwa da yawansu Indiyawa ne da Misirawa da 'yan Pakistan. Wani malami abokin mahaifina ne ya karya masa gardama, da ya ba shi labarin Rufaida al-Aslamiyya, wadda take da tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Gwalalo. A aji Florence Nightingale aka koya mana, da fitilarta da yaƙin Kirimiya, amma Rufaida ce ta fitar da ni daga gidanmu. Yau uba ne da kansa ke sayar da rago ya saya wa ɗiyarsa fom, in ta gama kuma masu neman aure har layi suke yi. Ban zaci zan ga wannan da idona ba. Mata ne suka jawo da yawansa, don sun gaji da zuwa awo su tarar da namiji. A 2012 kuma wani shiri mai suna Women for Health, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ya shigo Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Yobe, yana ɗauko 'yan matan karkara, har da matan aure, a yi musu karatun share fage kafin su shiga makarantun jinya da ungozomanci, bisa alkawarin za su koma garuruwansu su yi aiki.

Kaurar da na dawo na tarar a 1984 gari ne mai kai da kawo. Nan layin dogo ya tuƙe tun 1929, wanda ya taso daga Zariya ya biyo ta Gusau, kuma gyaɗa da auduga ne suka gina unguwannin da ke kewaye da tasha. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya shekararta ɗaya da kafuwa. Ranar Alhamis motocin kasuwar Shinkafi ba sa yankewa tun asuba har tsakar dare. Na sha bin motar kasuwa in dawo gida ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ni kaɗai ce mace, da farin kayana, direba ya sauke ni a ƙofar gida ya ƙi karɓar kuɗi. In muka fita rigakafi da Land Rover, ta Moriki ko Dauran ko Badarawa, gidan hakimi muke kwana, a kawo mana fura da nono, mu dawo da kaji a ɗaure a bayan mota. Da farin kayan nan babu zauren da ba mu shiga ba.

Shi ya sa tambayar farko da suka ƙirƙira da kansu ta tsaya mini a ƙirji. 'Yar Zurmi ce ta kawo ta: in za ki hau hanya, da kayan aiki kike tafiya ko a ƙasan jaka kike ɓoye su? Ta ce a garinsu kowa ya san ma'aikacin lafiya ba ya yawo da katin aikinsa, domin in aka tare mota, wanda ya iya allura da ɗinkin rauni ya fi kowa amfani a daji, kuma shi ne ba a saurin saki. Ta faɗe shi ne kamar mai faɗin farashin gero.

Kada in yi abin da tsofaffi kan yi, in mayar da jiya aljanna. Zamaninmu ma mutuwa ba ta raga mana ba. Da bazara ƙyanda kan cika ɗakin yara har a shimfiɗa tabarmi a ƙasa, wani yaron ya warke ya fita da makanta. A kawo jariri ɗan kwana bakwai baki ya sarƙe, jiki na sandarewa, saboda abin da aka yanke cibiya da shi ko aka shafa mata. Da damina manomi ya zo da kurkunu a ƙafa, mu riƙa naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Yaran nan uku ba su taɓa ganin kurkunu ba sai a hoto, domin na ƙarshe a Nijeriya a 2008 aka gan shi, a 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Shan inna ma haka. Da aka dakatar da ɗigon rigakafinsa a Kano da Zamfara da Kaduna a 2003, mu muka sha zagi a ƙofofin gidaje shekara da shekaru, sai ga shi a watan Agusta 2020 an ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Daga 1986 kuwa, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya kankama, kabad ɗin magani ya koma ma'ajiyar takardu, muka koyi maganar da har yau ba ta bar bakin nas ba: "Babu, sai ku sayo."

Sanƙarau na 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka rasu. Gindin itatuwa ya zama ɗakin jinya, muna rataye ledar ƙarin ruwa a reshe, muna danna wata allura mai maiƙo, mai kauri, har babban yatsa ya yi tsami. Da aka kawo sabuwar allurar rigakafi a 2011 na ɗauka an gama da shi, ashe nau'in A kaɗai ta tare. A ƙarshen 2016 nau'in C ya ɓullo, Zamfara ce ta fi kowa jin jiki, kuma zuwa tsakiyar 2017 an ƙirga fiye da mutum 14,000 a faɗin ƙasa, fiye da 1,100 sun rasu. 'Yar Zurmi tana firamare a lokacin. Yayanta ya kamu, ya tashi, amma har yau kunnensa ba ya ji. Da aka zo kan tambayar nan ta "me ya ja hankalinki zuwa wannan aiki", ita ce ta fara cewa a soke ta, wai ba wanda ke amsa ta da gaskiya.

'Yar Shinkafi ba ta da yawan magana, sai ta daɗe tana juya biro kafin ta ce wani abu. Tata tambayar ita ce: me ya sa matan ƙauye suka fi son ungozomar gida ko da asibiti na kusa? Ɗiyar ƙanena ta ce ai amsar tana cikin littafi, jahilci ne da al'ada. Ita kuwa ta ce a'a, innarta ta ce faɗan nas-nas ne. Sai suka yi shiru, suka dube ni su ukun.

Innarta gaskiya ta faɗa. Na yi wa mata tsawa a kan gadon haihuwa. Na taɓa marin cinyar mai naƙuda don ta buɗe ƙafa, a lokacin kuma gani nake ceto nake yi. Haka muka ga na gaba da mu na yi. Akwai daren da har yau bai sake ni ba. Wajen 1990 ne, ina aiki a wani asibiti nesa da gida. Aka kawo yarinya a kan amalanken shanu, ba ta wuce shekara 15 ba, haihuwar fari, kwana biyu tana naƙuda. Leɓenta ya bushe ya tsage, idonta ya faɗa, mararta ta kumbura da fitsarin da ya kasa fita, kan ɗan ya toshe hanya. Na ɗora ƙahon sauraro a cikinta, na matsa da shi nan, na matsa can, ban ji bugun komai ba. Sai na juya kan uwarta na zazzage mata duk abin da ke bakina: kun zauna kuna ba ta rubutu da jiƙe-jiƙe, sai da ɗan ya mutu kuka tuna da mu. Tsohuwar na durƙushe a bakin ƙofa, zanenta duk ƙura, ba ta ɗago kai ba sai da na gama. Sannan ta ce, "Malama, mijinta ya tahi cin rani, uban mijin kuma shina kasuwa. Wa za ya ba mu izni?" Yarinyar ta rayu, amma ta tashi da yoyon fitsari. Aka rubuta mata takarda zuwa Babbar Ruga a Katsina, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ke ɗinke irin wannan lalura. Ba ta sake taka ƙofarmu ba, kuma ban ga laifinta ba.

Har yau ana kawo irin yarinyar nan, sai dai dalilin jinkiri ya ƙaru. Miji yana gida, ya ba da izni tun magariba, yana da waya, yana da babur. Amma ba mai fita daga ƙauye da dare, sai a jira gari ya waye, mai jijjiga na jijjiga, mai zubar da jini na zubarwa. Ga allurar magnesiyam salfet a ajiye don jijjiga, ga ƙwayar misoforostol mai tsayar da jini bayan haihuwa, abubuwan da da muna da su a hannu a 1990 da mata da yawa ba su tafi ba. Suna nan a kan tebur suna jiran wadda ke can bayan gulbi tana jiran asuba.

Sun rubuta tambaya a kan watannin rufe layi. A farkon Satumba 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura, don a matse 'yan bindiga. Su suna sakandare a lokacin, abin da suka fi tunawa shi ne rashin WhatsApp. Sistar da za su gani kuwa tana bakin aiki. Mu da muka yi aiki kafin salula ta shigo a 2001 mun san yadda ake yi: a tura masinja da keke ya taso likita daga gida, a rubuta takarda a ba direba. Sai dai mu a lokacinmu ana iya tura masinja ƙarfe biyu na dare. Suka tsara ta haka: da babu waya, yaya kike sanar da Gusau ga mara lafiya nan tafe, kuma yaya kike sanar da gida kin isa lafiya? Ɗiyar ƙanena ce ta ƙara rabi na biyun.

Ana cikin haka 'yar Shinkafi ta zaro wani siririn tef mai launi uku daga jakarta, ta kamo jikana ɗan shekara uku da ke bin kaza, ta naɗa masa a damtse. Ya tsaya a kore, ta sake shi. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wannan yaro yana bakin haɗari, daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. Ta iya awon nan tun kafin ta shiga makaranta, domin ta sha raka maƙwabta layin karɓar abincin tamowa, kwaɓin gyaɗa da madarar nan na cikin leda. A watan Yuni 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya suka auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Wannan a jihar da ke taƙama da noma har a lambar mota, a garin da shinkafa ke cikin sunansa. Mun san tamowa a da, ta yaye da ta tsakiyar damina in rumbu ya yi ƙasa. Yanzu manomi sai ya biya kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, ko ya bar gonar ya dawo gari ya fake a kango. Tambayarta ita ce: in kin sallami yaro ya murmure, bayan wata biyu uwar ta dawo da shi kamar yadda ya zo da farko, me kike ce mata? Na buɗe baki in ce kada dai ta faɗi irin abin da na faɗa wa tsohuwar nan. Sai na ci gaba da tsinke zogalena.

Inda muka yi karo da ɗiyar ƙanena shi ne kan tambayoyinta uku na ƙarshen shafi. Nawa ne albashi? Yaya ake samun aikin ƙungiyoyi? Wace hanya ake bi a fita Saudiyya ko Ingila? Na ajiye tire na ce, "Ke ko neman jijiya ba ki ƙware ba, har kin fara neman ƙofar fita?" Ba ta ɗaga murya ba, kanta a sunkuye ta ce, "Gwaggo, ke da kinka zauna shekara talatin da biyar, wa ka saya miki maganin hawan jini?" Ɗana ne ke saya, kuma ta sani.

Ba ita kaɗai ba ce. A watan Fabrairu 2024 majalisar kula da aikin jinya da ungozomanci ta Nijeriya ta fito da ƙa'idar cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance mata takardun fita waje. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Magatakardan majalisar ya ce 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Amma hijirar da ta fi cin yankinmu gajeriya ce, ba ta bukatar fasfo: daga Zurmi zuwa Kaura, daga Kaura zuwa Gusau, daga Gusau zuwa duk inda ake barci da ido biyu a rufe. Kowa na neman canjin wurin aiki, wannan da takardar likita, waccan da dalilin aure. A watan Disamba 2023 hatta MSF sai da ta janye wasu ma'aikatanta daga Zurmi na ɗan lokaci, saboda faɗa ya matso kusa da asibiti. In ƙungiyar da ta saba aiki a fagen yaƙi ta ja da baya, da wane baki zan ce wa 'yar shekara ashirin ta tsaya? Duk da haka raina bai so ba, kuma har yanzu bai so ba. Ina son wata cikin su ukun ta tsaya.

Da na kwanta a daren nan na yi ta auna takardarsu da tamu, na ga tasu ta fi. Mu mun tambayi abin da mako guda a ɗakin jinya zai koya mana ko ba mu tambaya ba. Mun je gaban matar da ta shekara ashirin tana rufe idon mamata, muka tambaye ta sitaci. Sauran tambayoyin suna cikinmu, kunya ce ta danne su. Ban taɓa tambayar kowa yadda ake komawa gida a tuƙa tuwo bayan yaro ya cika a hannunka ba. Da na tambaya, wataƙila da ban sauke nauyin a kan tsohuwar nan ba.

Tambaya ɗaya ce suka yi ta jayayya a kanta har ranar Juma'a da dare. In aka kawo mutum da raunin harsashi, kin kuma gane ko wane ne, kin san abin da ya yi a ƙauyen su wance, za ki ɗinke shi? Doka ta san amsarta. Tun 2017 aka wajabta wa kowane asibiti ya karɓi mai raunin bindiga nan take ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, sannan a sanar da su daga baya. A da sai mutum ya zubar da jininsa a baranda ana jiran takardar. Yaran sun karanta wannan a aji, ba ita suke nema ba. Ɗiyar ƙanena ta ce a cire, kada a sa Sista cikin wani hali. 'Yar Zurmi ta ce in aka cire ita ba za ta je ba. A ƙarshe suka rubuta ta da fensir, a bayan takardar.

Ranar Asabar suka ci ado da farin hijabi suka tafi, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. Sai bayan isha'i suka dawo, ina bakin zaure da tocila. Suka ce Sista ta karɓe su a ɗan ofishinta, ta saya musu ruwan leda. Albashi ta faɗa musu shi har kwabo, ba ta ɓoye ba. Farin kaya kuma ta ce a asibiti take barin su, shekara biyar ke nan ba ta hau hanya da su ba. Da suka juya takarda suka karanta mata ta fensir, sai ta dubi ƙofa, ta ce su kashe wayar da ke ɗaukar magana. Ta yi musu bayani mai tsawo. Ba su rubuta shi ba, ni ma da suka maimaita mini ba zan rubuta ba.

Suna kan ta tara aka turo ƙofa. An kawo yaro ɗan shekara biyu yana jijjiga, jikinsa kamar garwashi, wuta kuma ta ɗauke. Sista ta miƙe ta bar su da takardarsu, suka bi ta. 'Yar Shinkafi ta riƙe hannun yaron, 'yar Zurmi ta ja uwar gefe tana ba ta baki, ɗiyar ƙanena ta kunna fitilar wayarta ta haska bayan hannun. Sau biyu jijiya na kuɓuce wa Sista, a na uku jini ya leƙo a gindin allurar. Da suka baro asibitin yaron ya daina jijjiga, yana kuka. Saura tambaya biyar ba a amsa ba, kuma Sista ta ce su dawo wani hutun in ana nan.

Na zuba musu tuwo suka ci ba magana. Takardar na ajiye a gefen tabarma, ta yamutse, kusurwarta ta jiƙe. Can ɗiyar ƙanena ta jawo ta, ta lalubo biro, ta ce, "Gwaggo, wai minti nawa kuka tafasa sirinjin nan?"

Na ce ashirin, daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. Ta rubuta.